Tambayoyi da amsoshi: yadda ake bibiyar dogon aikin rumbun bayanai a manhajar yanar gizo

Wannan shafi na masu gina manhaja ne ga makarantu, asibitoci, ƙungiyoyin adashin ma'aikata da ƙananan kamfanoni a Abuja da kewaye, daga Garki da Wuse zuwa Kubwa da Nyanya. Matsalar kusan iri ɗaya ce ko'ina: ana loda sakamakon jarrabawa na zango, ko a lissafa albashi a ƙarshen wata, ko a kwaso tsofaffin bayanan marasa lafiya daga Excel, sai aikin ya kai minti goma, wanda ya danna maɓalli kuma bai san ko ana ci gaba ko abin ya mutu ba. Misalan da ke ƙasa na PostgreSQL da MySQL ne galibi, don su aka fi amfani da su.

Me ya sa shafin ke nuna kuskuren 504, wato wa'adin jira ya ƙare, alhali aikin bai ƙare ba?

Tsakanin burauza da rumbun bayanai akwai matakai da yawa, kowanne da wa'adin da yake jira. Nginx, sabar da ke karɓar buƙata daga burauza ta miƙa wa manhaja, in ba a taɓa saitinsa ba, yana jiran sakan 60 ne kafin ya haƙura ya aiko da 504. Gunicorn, mai gudanar da manhajojin Python, yana kashe ma'aikacinsa, wato shirin da ke sarrafa buƙata, in ya yi shiru na sakan 30. Cloudflare, da wasu ke sakawa a gaban sabarsu, yana da nasa wa'adin, shi kuma 524 yake nunawa. PHP na da max_execution_time na sakan 30, sai dai a Linux ba ya ƙirga lokacin da aka ɓata wajen jiran rumbu, shi ya sa wani lokaci rubutun PHP ke wuce wa'adin bai tsaya ba.

Abin da ya fi haɗari shi ne mutuwar shafi ba ta tsayar da aikin. PostgreSQL yakan ci gaba da umarnin da aka ba shi ko da wanda ya aiko shi ya yanke, don ba ya lura sai ya zo miƙa amsa. Akawu ya ga kuskure a allo, ya sake dannawa, yanzu lissafin albashi biyu ke gudana kan tebur ɗaya. Ƙara wa'adin Nginx zuwa minti 30 ba magani ba ne. Layin waya ba ya riƙe haɗi tsawon haka, musamman ga mai aiki da hotspot a ofis, kuma kowane haɗi da ke jira yana tsare ma'aikaci guda na sabar.

To yaya ya kamata a tsara shi?

A raba karɓar aiki da yin aiki. Da an danna maɓalli, sabar ta rubuta sabon layi a teburin ayyuka, ta saka aikin a jerin jira, ta amsa nan take da lambar 202, wato an karɓa ba a gama ba, tare da lambar aikin. Wani shiri daban, ma'aikacin bayan fage, shi ne zai ɗauki aikin ya yi, yana rubuta inda ya kai. Shafin kuma abin da yake yi kawai shi ne karanta wannan rubutu. Kamar mai kai ɗinki ne: a ba ka rasiti ka tafi, in ka dawo a duba littafi a faɗa maka inda aka kwana.

A Python ana amfani da Celery ko RQ, a Laravel akwai jerin jira a cikinsa, a Node akwai BullMQ, a Ruby akwai Sidekiq. In manhajar ƙarama ce, ba dole sai an kafa Redis ba, wato ma'ajiyar da akan riƙe jerin jira a ciki. Tebur a cikin rumbun ya isa, ma'aikaci ya riƙa ɗauko aiki da SELECT ... FOR UPDATE SKIP LOCKED, wanda PostgreSQL ke da shi tun 9.5, MySQL kuma tun 8.0. Da shi ma'aikata biyu ba za su ɗauki aiki ɗaya ba.

A kula da wani tarko a nan. In ka saka aiki a jerin jira kafin layin da ka rubuta ya samu COMMIT, wato umarnin da ke tabbatar da rubutu a rumbu, ma'aikaci mai sauri zai zo neman layin ya tarar babu. Django na da transaction.on_commit saboda haka, Laravel na da afterCommit.

Me za a saka a teburin ayyuka?

Lambar aiki, mai aikin, nau'insa, matsayinsa, jimillar abin da za a yi, adadin da aka gama, adadin da ya faɗi, lambar layi na ƙarshe da aka kammala, lokacin farawa, lokacin motsi na ƙarshe, lokacin gamawa, saƙon kuskure, da gurbin neman sokewa. Matsayi biyar sun isa: yana jira, yana gudana, ya kammala, ya faɗi, an soke. A ajiye adadi, kada a ajiye kashi cikin ɗari, don daga adadi ana iya fitar da kashi da gudu da lokacin da ya rage, amma daga kashi ba a iya komawa baya.

Ina sabunta adadin a kowane zagaye, amma shafin na nuna sifili har ƙarshe, sannan ya yi tsalle zuwa 100. Ina matsalar?

Wannan ita ce tambayar da ta fi yawa, kuma amsarta tana cikin yadda tiranzakshan ke aiki, wato tarin umarnin da ke shiga rumbu tare ko su fasa tare. Duk abin da ka rubuta tsakanin BEGIN da COMMIT, babu wani haɗi da ke ganinsa sai an yi COMMIT. In aikin gaba ɗaya yana cikin tiranzakshan guda, kuma a cikinsa kake rubuta "an kai 12,000", to shafin da ke tambaya ta wani haɗi zai ci gaba da ganin tsohon adadi. Da yawa ba su san suna cikin tiranzakshan ba, don ɗakin karatun (library) da suke amfani da shi ne ya buɗe musu, kamar psycopg2 da ke buɗe shi a umarni na farko, ko atomic na Django da aka naɗe dukan aikin da shi.

Hanyoyin fita uku ne, kuma ba darajarsu ɗaya ba.

Mafi kyau ita ce a yanka aikin kashi-kashi, kowane kashi da nasa COMMIT, a sabunta teburin ayyuka a cikin tiranzakshan ɗin kashin. Ta haka adadin da ke allo da abin da ke cikin rumbu ba sa saɓawa ko da wuta ta ɗauke a tsakiya, don tare suke shiga ko tare suke fasawa.

In dole aikin ya zama duka ko babu, kamar rufe lissafin wata, sai a buɗe haɗi na biyu mai yin COMMIT da kansa, a riƙa rubuta ci gaban ta nan, ko a rubuta shi a Redis. Amma a kiyaye: kada babban tiranzakshan ya taɓa layin aikin da ke teburin ayyuka. In ya taɓa, ya kulle shi, haɗi na biyu zai tsaya jiran kullen, shirin kuma yana jiran haɗi na biyu kafin ya ci gaba. Rumbun ba zai gane cewa an sarƙe ba, don a wajensa haɗi na farko hutawa kawai yake. Aikin zai tsaya cak babu saƙon kuskure. Haka nan a faɗa wa mai amfani gaskiya cewa in aikin ya faɗi a 90, komai zai koma sifili.

Ta uku dabara ce ta masu aiki cikin PL/pgSQL, harshen rubuta shiri a cikin PostgreSQL: jerin lambobi na SEQUENCE ba ya bin dokar tiranzakshan, don haka setval da aka kira a ciki ana ganinsa daga waje nan take. Tana aiki, amma tana da wuyar kulawa in ayyuka sun yi yawa. Tun PostgreSQL 11 ma PROCEDURE na iya yin COMMIT a cikinsa, wanda ya fi tsabta.

Abubuwa biyu da ake gwadawa ba sa aiki a PostgreSQL. NOTIFY ba ya isa ga mai sauraro sai bayan COMMIT. READ UNCOMMITTED kuma PostgreSQL yana karɓar umarnin, amma yana ɗaukarsa daidai da READ COMMITTED. A MySQL READ UNCOMMITTED na nuna abin da ba a kammala ba, sai dai bai kamata a gina shafi a kansa ba.

Layi nawa ya kamata kashi ɗaya ya ɗauka?

A fara da 1,000 zuwa 5,000, a auna, a daidaita yadda kowane kashi zai ɗauki sakan ɗaya zuwa uku. Misali layi 240,000 a kashin 2,000 kashi 120 ke nan, in kowanne na cin sakan ɗaya da rabi, aikin minti 3 ne, kuma sandar ci gaba da ke allo za ta motsa sau 120, wanda ya wadatar da ido. Kada a sabunta teburin ayyuka a kowane layi. A PostgreSQL kowane UPDATE na barin mataccen layi da sai VACUUM ya share, don haka sabuntawa 240,000 kan layi guda asara ce tsagwaronta.

Kada a yanka da OFFSET. Rumbun yana bin duk layukan da aka tsallake kafin ya kai inda ake so, shi ya sa kashin farko ke gudu, na ƙarshe ke rarrafe. Ƙari ga haka, in aikin yana canza gurbin da ake tacewa da shi, OFFSET zai tsallake layuka ba a sani ba. A yi amfani da lambar layi: WHERE id ya fi na ƙarshe da aka gama, ORDER BY id, LIMIT 2000. Wannan lambar ita ce kuma wurin da za a ɗora in aka katse.

Yaya zan san jimilla tun farko?

In teburin bai wuce layi miliyan kaɗan ba kuma akwai fihirisa (index) kan sharaɗin, COUNT sau ɗaya a farkon aiki ya isa, a cikin ma'aikaci, a ajiye amsar. In ƙato ne, a ɗauki ƙiyasin reltuples daga pg_class, ko a auna da tazarar ƙaramar lamba da babbar lamba. Ga fayil ɗin CSV, auna baitocin da aka karanta kan girman fayil ya fi ƙirga layuka, don adireshin da ke da karyewar layi a cikinsa yana ruɗa ƙirga. In babu hanyar sanin jimilla, a nuna "an sarrafa 18,400" da agogo, kada a ƙirƙiro kashi cikin ɗari na ƙarya.

Aikina umarni ɗaya ne, ba ya yankuwa. Akwai yadda zan leƙa cikinsa?

Ya danganta da umarnin. PostgreSQL na da tagogin kallo na wasu ayyuka: pg_stat_progress_vacuum tun 9.6, pg_stat_progress_create_index da pg_stat_progress_cluster tun 12, pg_stat_progress_analyze da pg_stat_progress_basebackup tun 13, pg_stat_progress_copy tun 14. Kafin ma'aikaci ya aika umarnin, ya karanta pg_backend_pid ya ajiye a teburin ayyuka, sai shafin bibiya ya nemi layin da ke da wannan lamba. A gina fihirisa ana raba blocks_done da blocks_total, ko tuples_done da tuples_total, gwargwadon matakin da gurbin phase ya nuna. Adadin yana komawa sifili in an shiga sabon mataki, don haka a nuna sunan matakin tare da kashi cikin ɗarin, in ba haka ba mai kallo zai ɗauka aikin ya sake farawa. A COPY da ke karɓa daga STDIN, wato manhajarka ce ke turo bayanan, bytes_total sifili ne, sai ka kawo girman fayil daga naka ɓangaren. Asusun da ke karanta waɗannan tagogi yana buƙatar pg_read_all_stats in ba shi ya aika umarnin ba.

A MySQL, ALTER TABLE na InnoDB, injin ajiyar MySQL, yana bayyana a events_stages_current cikin performance_schema, da WORK_COMPLETED da WORK_ESTIMATED, amma sai an kunna na'urorin auna stage/innodb/alter da masu tattara events_stages tukuna. Ƙiyasin yana iya ƙaruwa ana cikin aiki. SQL Server na da percent_complete a sys.dm_exec_requests don BACKUP da RESTORE da DBCC CHECKDB, Oracle kuma V$SESSION_LONGOPS don wasu ayyukan da suka wuce sakan 6.

UPDATE ko DELETE ko SELECT na yau da kullum ba su da irin wannan taga a PostgreSQL. Ko dai a yanka su, ko a nuna agogo kawai.

Wanne ya fi: tambaya lokaci-lokaci, SSE, ko WebSocket?

Ga yawancin manhajojin ofis, shafin ya riƙa tambaya duk bayan sakan 2 ko 3. Shi ne ya fi jure layin intanet da ke yankewa yana dawowa, don kowace tambaya cin gashin kanta take. Mutum 50 da ke tambaya duk sakan 2 buƙata 25 ke nan a sakan, kowacce karanta layi guda da lambarsa, abin da ƙaramar saba ma za ta ɗauka. Bayan minti ɗaya a ƙara tazarar zuwa sakan 5, a daina tambaya da zarar matsayi ya zama na ƙarshe, a saka Cache-Control: no-store don kada a riƙa maido da tsohuwar amsa. A aika tambaya ta gaba bayan amsar ta baya ta iso, kada a bar setInterval ya tara su kan layi mai nauyi.

SSE, wato sabar ta riƙa turo saƙo ta haɗi ɗaya da aka bari a buɗe, na da kyau in ana son motsi nan take, kuma EventSource, mai karɓar saƙon a burauza, yana sake haɗawa da kansa. Matsalolinsa biyu: Nginx yana tara amsa kafin ya miƙa, sai an saka X-Accel-Buffering: no, kuma a HTTP/1.1 burauza ba ta buɗe fiye da haɗi 6 zuwa adireshi ɗaya, don haka shafuka shida a buɗe suna toshe na bakwai. WebSocket, haɗin da saƙo ke bi hanya biyu, nauyi ne da bai da amfani a nan, tunda saƙo hanya ɗaya yake bi.

Masu PHP su lura da wannan: zaman mai amfani da ake ajiyewa a fayil yana kulluwa har buƙatar da ta buɗe shi ta ƙare. In dogon aiki na gudana a buƙata ɗaya, tambayar ci gaba daga mutum ɗaya za ta tsaya jira. session_write_close ne ke sakin kullen.

Wuta ta ɗauke ko ma'aikaci ya mutu, aikin ya maƙale a "yana gudana". Yaya ake gane shi?

Wannan ya fi samun sabar da ke zaune a ofis, inda batirin inbata ke ƙarewa kafin a tayar da janareta, amma sabar haya ma tana kashe shirin da ya cinye ƙwaƙwalwa. Maganin shi ne bugun zuciya: ma'aikaci ya sabunta lokacin motsi na ƙarshe a kowane kashi, ko duk sakan 15 ta wani zare (thread) daban in umarnin dogo ne. Wani ɗan shiri da ke gudana duk minti ɗaya ya duba ayyukan da suka yi shiru fiye da minti 2, ya mayar da su jerin jira ko ya rubuta sun faɗi. A PostgreSQL a yi amfani da clock_timestamp wajen rubuta bugun, don now yana ba da lokacin da tiranzakshan ya fara, ba ya motsi har ya ƙare.

Me ya sa aiki ɗaya ya gudana sau biyu?

Ko mutum ya danna sau biyu, ko jerin jira ya ɗauka aikin ya ɓace ya sake miƙa shi. Celery kan Redis yana sake miƙa aikin da ba a tabbatar da shi ba bayan awa ɗaya, gwargwadon visibility_timeout. A Laravel retry_after, wa'adin sake miƙa aiki, sakan 90 ne a saitin farko, don haka aikin minti 5 na iya faɗawa hannun ma'aikaci na biyu tun na farko bai gama ba. Dole retry_after ya fi timeout, wa'adin tsayar da aiki, tsawo, timeout kuma ya fi aikin.

Gyaran saiti kaɗai bai isa ba. A rubuta aikin yadda maimaita shi ba zai yi ɓarna ba: ƙa'idar UNIQUE kan lambar mai karɓar albashi da wata a teburin albashi, tare da ON CONFLICT DO NOTHING, ko ON DUPLICATE KEY UPDATE a MySQL. Saƙon tes da imel da umarnin biyan kuɗi ba sa komawa da ROLLBACK, don haka a ba su nasu tebur da ke tuna wanda aka riga aka aika.

Yaya maɓallin sokewa zai yi aiki?

Maɓallin ya cika gurbin neman sokewa kawai, ma'aikaci ya duba shi kafin kowane kashi, ya tsaya da kansa, ya rubuta inda ya kai. Ga umarni guda mai tsawo, pg_cancel_backend yana tsayar da umarnin, pg_terminate_backend yana yanke haɗin gaba ɗaya, MySQL kuma KILL QUERY. A InnoDB warware babban aiki na iya ɗaukar lokaci fiye da yin sa, don haka a nuna "ana sokewa" har ya gama, kuma kada a sake tayar da sabar, warwarewar za ta ci gaba bayan ta tashi. CREATE INDEX CONCURRENTLY da aka soke yana barin fihirisa mai alamar INVALID, sai an goge ta da hannu.

Bugun zuciya na tafiya amma adadin bai motsa ba. Ina zan duba?

Galibi kulle ne. A duba pg_stat_activity: in wait_event_type ya nuna Lock, pg_blocking_pids zai faɗi wanda ya tare hanya. Sau da yawa haɗi ne mai matsayin idle in transaction, wato wani ya buɗe pgAdmin ko DBeaver, ya yi gyara bai yi COMMIT ba, ya tafi sallar azahar. A saka lock_timeout na kamar sakan 10 ga ma'aikaci don ya faɗi da bayani maimakon ya jira har abada, a saka idle_in_transaction_session_timeout don rumbun ya kori irin waɗannan haɗe-haɗe. A ba kowane ma'aikaci application_name mai ɗauke da lambar aiki, zai sauƙaƙa nema.

Zan iya nuna lokacin da ya rage?

Za ka iya, da gudun zagaye goma na baya-bayan nan, ba da matsakaicin aikin gaba ɗaya ba. A jira sai an gama kamar kashi 5 cikin ɗari kafin a nuna, a rubuta "kamar minti 4" babu sakanni. Kada a nuna 100 sai COMMIT na ƙarshe ya shiga, kuma in da sauran matakai kamar haɗa rahoto, a ba su suna a allo. A lissafa lokacin da ya wuce a sabar. Yawancin sabar haya suna kan agogon UTC, Najeriya kuma tana gaba da awa ɗaya, shi ya sa aikin da aka fara yanzu ke nuna ya yi minti 60 in an haɗa agogon waya da lokacin da ba a rubuta yankinsa ba.

Mai amfani ya rufe shafin ko wayarsa ta mutu. Zai rasa bibiyar?

A'a, muddin matsayin yana teburin ayyuka. A yi shafin "ayyukana" da ke jero ayyukan mutum na kwanan nan, da adadin da ya shiga, da fayil ɗin layukan da suka faɗi da dalilin kowanne, don sakataren makaranta ya gyara, misali, layuka 37 da suka faɗi ya sake loda su kaɗai. Burauza tana rage gudun agogon shafin da ke ɓoye, a waya ma tana iya daskarar da shi, don haka a saurari visibilitychange a yi tambaya nan take da an dawo.

A tabbatar mai tambaya shi ne mai aikin kafin a amsa, kada lambar aiki kaɗai ta isa, musamman in lambobin a jere suke. Saƙon kuskuren rumbu yakan ƙunshi ainihin abin da ke layin, suna ko lambar waya ko lambar asusu, kuma irin waɗannan bayanai suna ƙarƙashin dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023. Cikakken kuskuren ya tafi kundin sabar, mai amfani ya ga lambar layi da taƙaitaccen dalili. Fayilolin da aka loda da na kurakurai kuma a sa musu wa'adin gogewa, misali kwana 30, a bar layin teburin ayyuka kaɗai don binciken wanda ya yi me da yaushe.